Filin Tambayoyin Mota: In sa zenon a Corolla ta ko in haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ina da Corolla 2005 'yar Amurka kuma harkata tana sa ni bin hanyar Zariya zuwa Funtuwa da daddare, fitilar gaba ta yi sanyi sosai, dim ɗin kam kamar ba a kunna ba. Mai wayarin ɗina yace in sayo zenon 8000K a ɗaura min har da fitilun hazo na ƙasa. Dan Allah meye shawara? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. A wannan fitilar da ke jikin motarka kar ka sa, amma bari in maka bayani yadda ko mai wayarin ya dawo da maganar gobe kana da abin faɗa masa.

Shi zenon ba abin banza bane, BMW ce ta fara fito da shi a 7 Series tun 1991. Ƙwansa ba shi da zaren waya irin na halojin, wato ƙwan da motarka ta zo da shi, iskar gas ce a ciki, sai wani ɗan akwati da ake cewa balas ya harba wuta sama da bolt 20,000 ta yi tsalle tsakanin bakin ƙarfe biyu, wannan tartsatsin shine hasken. Na kamfani wat 35 yake ci ya ba da kamar lumen 3,200 (lumen shine ma'aunin yawan haske), shi kuwa ƙwan dim na motarka, wato 9006, wat 55 yake ci ya ba da wajen 1,000. Toh kaga a takarda ba haɗi, shi yasa masu sayarwa a Ƙofar Ruwa da Panteka ba sa shan wahalar shawo kan mutum.

Matsalar a gidan fitilar take. Ka tsuguna gaban motar ka leƙa ciki zaka ga kwano mai ƙyalli da aka yanka shi gida-gida, kowane gida an auna shi ne da daidai inda zaren ƙwan halojin yake zama, yana kama hasken ya jefa shi kan titi ya hana shi hawa sama. Tartsatsin zenon kuwa siffarsa daban, yana ɗan lanƙwasawa sama kuma ƙarfinsa a bakunansa biyu yake, dan haka kwanon sai ya watsa shi ko'ina, kan bishiya, kan allon talla, cikin idon wanda ke tahowa. Kai da ke ciki zaka ga gaban bonet ya yi fari tas ka ji daɗi, amma wannan farin na kusa shi ke sa idonka ya tsuke, ramin da ke can nesa ko saniyar da ta shigo titi ka rasa ganinsu da wuri. Wanda kuka yi gaba da gaba kuma, direban tirela ne ko ɗan acaba, na 'yan daƙiƙu ba ya ganin komai alhali yana tahowa wajenka a guje, wallahi wannan ne yafi damuna a duk lamarin, ina ganin yadda masu babur ke faɗawa gefen titi saboda irin fitilun nan. A Ingila tun Janairun 2021 motar da aka cusa wa zenon a gidan halojin ba ta cin gwajin shekara, a Turai kuma fitilar da ta wuce lumen 2,000 dole ta zo da abin wanke gilas da abin da ke daidaita tsayinta da kansa.

Maganar 8000K kuma, launi ne ba ƙarfi ba. Na kamfani 4300K ne, fari mai ɗan ɗumi, in ka haura 6000 zuwa 8000 shuɗi yake ƙaruwa haske na raguwa, ranar da aka yi ruwa kwalta ta jiƙe zaka rantse ba a kunna ba.

Abin da nake so ka fara yi ba zai ci maka kuɗi sosai ba. Motar da ta kai wannan shekarun robar fitilarta ta yi rawaya ta daƙune da rana, a goge ta da takarda mai laushi a yi folish a shafa abin kariya, in ba haka ba wata kaɗan ta koma. In kwanon ciki ya ƙone ya daina ƙyalli sai dai a sake gidan gaba ɗaya. Sannan mai wayarin ya sa mita a bakin soket mota na kunne, batir ya kamata ya nuna wajen bolt 14, in abin da ke isa ƙwan ya yi ƙasa da haka da bolt ɗaya ko fi to tsohuwar waya ko āt ɗin (wayar da ake ɗaurawa a ƙarfen jikin mota) da ya yi tsatsa ne ke shanye wutar, a ja sabuwa daga batir da rile da fiyus, halojin ko ɗan bolt ya ragu haskensa faɗuwa yake sosai. Ka sa ƙwan Osram ko Philips na asali, wat ɗin da kamfani ya rubuta, kar a taɓa gilashinsa da hannu. Daga nan saiti: ka tsaya a fili mai daidai mita 10 daga bango, saman hasken dim ya sauka kamar santimita 10 ƙasa da tsayin fitilar. Motoci da yawa matsalarsu kenan kawai, ido ɗaya na kallon sama ɗaya na kallon kwata.

In duk da haka ranka na kan zenon, to a sa maka gidan fitila mai firojekta, mai ƙwayar gilas a tsakiya, wanda aka yi domin zenon, yana da ƙarfe a ciki da ke yanke hasken a miƙe. Wat 35, 4300K, da rile nasa. A dim kawai, ful layit a bar shi halojin 9005 saboda zenon yana ɗaukar 'yan daƙiƙu kafin ya kawo, in kana filashin kuma balas ɗin baya daɗewa. Ka tuna wa mai aikin cewa motocin Amurka da Kanada da yawa suna kunna fitila da rana da ragin wuta, in bai raba wannan layin ba zenon ɗin zai ta kyaftawa. Kuma kar kowa ya sa hannu a wayar balas tana kunne.

Fitilun hazo kuwa ka barsu yadda suke. Aikinsu su shimfiɗa haske ƙasa-ƙasa su nuna maka bakin titi, in ka ƙara musu ƙarfi a lokacin hunturu ƙurar ce zata dawo maka da shi cikin ido ka ga farin bango a gabanka. Ƙwan halojin mai ruwan ɗorawa ya ishe ka, ka karkata su ƙasa, kuma in gari ya washe ka kashe su.