Tambaya da Amsa: Tukwici da Shagali a Jirgin Ruwan Shaƙatawa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni da maigidana za mu cika shekara 25 da aure a watan Janairu, kuma 'ya'yanmu sun haɗa kuɗi sun biya mana tafiyar kwana bakwai a jirgin ruwan shaƙatawa da zai tashi daga Dubai ya biya ta Abu Dhabi da Doha sannan ya dawo. A takardar da aka turo mana na ga wani kuɗin hidima da za a riƙa ɗora wa kowannenmu kullum, ban da kuɗin tikiti. Alhaji ya ce shi bai taɓa jin inda ake yanke wa mutum tukwici ba, don haka idan mun shiga zai sa a cire, ya ba wanda ya ga dama da hannunsa. Ni kuwa abin yana yi mini nauyi. Mene ne daidai? Sannan yaya za mu yi ɗan shagalin ranar ba tare da mun yi abin kunya ba?
Wata Hajiya daga Kaduna

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara danƙon ƙauna, ya yi wa yaran albarka.

Alhaji yana da gaskiya idan aka auna maganar da ma'aunin gida. A wurinmu tukwici abu ne da ake ba ɗan aike idan ya kawo saƙon alheri, kuma mai bayarwa ne yake yanke abin da ransa ya so, babu wanda zai rubuto masa adadi a takarda. Sai dai kuɗin da kika gani, ko da an sa masa sunan kyauta, a haƙiƙa wani yanki ne na abin da ma'aikatan jirgin suke dogaro da shi. Ana tara shi ne a raba tsakanin mai gyara ɗaki da masu kawo abinci da mataimakansu, har da waɗanda ba za ku taɓa haɗa ido da su ba, kamar masu wanke kwanuka da masu wankin zannuwan gado a can ƙasan jirgi. Idan Alhaji ya sa aka cire, ya miƙa wa mutum biyu ko uku da ya saba gani, to waɗancan na bayan fage sun tashi a tutar babu, alhali da guminsu aka yi muku hidimar.

Ya kamata ku san ko su wane ne waɗannan mutane. Mafi yawansu 'yan Filifin ne da Indonesiya da Indiya, suna shigowa da kwantiragin wata shida zuwa tara, suna aiki kullum babu ranar hutu, iyalansu kuma suna can gida suna jiran aike. Yarjejeniyar ƙwadago ta ma'aikatan teku ta 2006 ta tanadi a ba su hutun aƙalla awa 10 a cikin kowace awa 24, wanda ke nuna miki irin tsawon yinin da doka ta yarda su yi a tsaye. A wata tafiya da na yi, mai gyara mana ɗaki wani matashi ne Musulmi daga Indonesiya. Tun rana ta biyu ya lura da dardumata, daga nan kullum sai in tarar ya ninke ta ya ɗora a kan kujera nesa da takalma, ya kuma ƙara mana tawul a bakin banɗaki saboda alwala, ba tare da na ce masa uffan ba. Irin wannan mutum ne kuɗin yake isa gare shi, shi ya sa ba na goyon bayan a cire, sai fa idan an yi muku sakaci na gaske, wanda shi ma ya fi dacewa a kai ƙorafi teburin kula da baƙi tun ranar da abin ya faru domin a gyara.

Game da adadi kuwa, a shekarar 2025 kamfanonin Amurka irin su Royal Caribbean da Carnival sun riƙa ɗora abin da ya kama daga dala 16 zuwa wajen dala 21 a kan kowane mutum a kullum, gwargwadon darajar ɗaki. Na Turai irin su MSC da Costa kuwa a lokacin sun tsaya wajen yuro 11 zuwa 12 a kowane dare. Idan muka ɗauki yuro 12, ku biyu a dare bakwai kun tashi a yuro 168. Wasu kamfanonin sun riga sun zuba kuɗin a cikin tikiti, kamar P&O Cruises na Ingila da ya daina karɓarsa daban tun 2019. Saboda haka ki sa ɗaya daga cikin yaran ya duba rasit ɗin da kyau, domin mai yiwuwa ne sun biya tun daga gida, kada ku biya sau biyu. Haka kuma lemo ko gahawa ta musamman da kuka saya a cikin jirgi yawanci an riga an ƙara mata kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, don haka layin da aka bari a ƙasan rasit ba dole ne a cike shi ba.

Hannun Alhaji kuma ba a ɗaure shi ba. Idan wani ya kyautata muku fiye da kima, sai a sa dala 10 ko 20 a ambulan a miƙa masa a daren ƙarshe, a keɓe, tare da kalmar godiya. Ku riƙe ƙananan takardun dala ko yuro, domin naira ba za ta yi musu amfani ba. 'Yan dakon da ke karɓar akwatuna a tasha da masu yi muku jagora idan kun sauka gari ba ma'aikatan jirgi ba ne, kuɗin hidimar bai shafe su ba, sai a ba su nasu a hannu. Kyaftin da manyan jami'ai ba a ba su komai. Akwai kuma alherin da ba ya cin ko kwabo: a takardar jin ra'ayi da ake turowa bayan tafiya, ki rubuta sunan wanda ya kyautata muku kamar yadda yake a bajon ƙirjinsa, domin ana duba irin wannan yabo wajen ƙarin girma.

Sai batun shagali. Abu na farko shi ne a sanar da kamfanin tun kafin tafiya cewa kuna bikin cikar shekara 25, sannan a sake tuna wa shugaban ɗakin cin abinci a daren farko. Ana iya yin odar kek da adon ɗaki tun daga gida a biya, kuma sau da yawa masu kawo abinci sukan taru a teburinku su yi muku 'yar waƙar taya murna. Idan Alhaji ba ya son a tara masa ido, ki faɗa musu tun da wuri, za su kawo kek ɗin cikin natsuwa. Ki kuma bayyana cewa ba kwa shan giya, domin wani lokaci sukan aiko wa masu irin wannan biki kwalba a matsayin kyauta, kuma idan an faɗa sukan musanya da ruwan 'ya'yan itace. Ki tambaya ko an sa giya a kek ɗin ko wani sinadarin da aka samo daga alade. Neman abincin halal shi ma makonni kafin tashi ake yinsa, ba ranar shiga ba.

Abin da zan ja kunnenki a kai shi ne wuta. Babu abin da ma'aikatan teku suke tsoro kamar gobara, saboda haka an hana kyandir da duk abin da ake kunnawa a ɗaki. Na san da wuya Hajiya ta yi tafiya babu turaren wuta, amma kasko da gawayi har da na lantarki duk a bar su a gida, domin za a iya ƙwace su tun a wurin binciken kaya. Humra da turaren fesawa sun wadatar. A daren da ake cin ado kuwa, babbar riga da hula da leshi da ɗauri sun cika sharaɗi har sun yi rara, kuma masu ɗaukar hoto na jirgin suna nan a bakin matakala.

TAMBAYA: Malam, mu abokai ne shida za mu raka wani ɗan'uwanmu murnar kammala digirinsa a jirgin da ke tashi daga Jidda. Ko za mu iya yi masa liƙi a ɗakin cin abinci kamar yadda muka saba?
Wani matashi daga Zariya

AMSA: Ina taya shi murna, amma ban ba ku shawarar haka ba. Ɗakin cin abincin na ɗaruruwan mutane ne da su ma suka biya kuɗinsu, kuma kuɗin da ya zube ƙasa yana jefa ma'aikaci cikin tsaka mai wuya, domin bai san ko nasa ba ne ko na mai biki, ga shi kuma akwai idon shugabanninsa a kansa. Ku nemi a haɗa ku a teburi ɗaya tun lokacin sayen tikiti, ko ku kama wuri a ɗaya daga cikin ƙananan gidajen abincin jirgin da ake biya daban. Abin da kuka tanada na liƙi ku ba ɗan'uwanku a ɗaki, sannan ku haɗa wani abu a ambulan ɗaya ku miƙa wa wanda ya yi ta ɗawainiya da teburin mutum bakwai har tsawon tafiyar.