Faifan da ya cika wa'adi ba ya komawa cikin inji

Ka tambaye ni don me muka cire faifan tabain na jirgin nan, wato faifan ƙarfen da ke riƙe ruwan fanka yana juyawa a cikin inji, alhali ba tsaga ba tsatsa, kuma mai shi ba ya yawan tashi da shi. Ɗana, ido ba ya yanke hukunci a kan faifai, lissafi ne ke yankewa.

Duk lokacin da aka tayar da inji, jirgi ya tashi ya sauka aka kashe, zagaye ɗaya ke nan. Faifan ya yi zafi ya buɗe, ya huce ya tsuke. Wannan ne ke gajiyar da ƙarfe, tsaga ta fara a ramin noti ko a gindin ruwan fanka, siririyar da ido ba ya gani. Saboda haka tafiyar minti 40 da ta awa 6 ɗaya suke a wurin faifai. In ya fashe a sama, murfin inji ba ya iya tare shi. Abin da ya faru ke nan da jirgin DC-10 a Sioux City ta Amurka a 1989, faifan fankar gaban inji ya fashe, aka rasa dukkan layukan haidirolik uku da ake sarrafa jirgin da su.

Adadin zagayen da aka yarda faifai ya yi yana cikin littafin kamfanin da ya ƙera injin, a sashen iyakoki, mafi yawa babi na 4 ko na 5. Wasu duba-duban akan yi musu ɗan lamuni, amma wannan ba a ƙara masa ko ɗaya, ko da maigida ya matsa. Haka AD, wato umarnin gyara ko dubawa da hukumar jiragen sama ke fitarwa, dole ne. Sanarwar kamfani kuwa shawara ce har sai AD ta ɗauke ta.

Jiragen attajirai sun fi zama a hanga, don haka a wasu kayan wa'adin kalanda ke riga na awa cika. Tukunyar oksijin mai tambarin 3HT gwajin matsin ruwa take so duk shekara 3, a shekara 24 a yi ritayarta. Harsashin da ke fasa bakin tukunyar kashe gobara ma yana da ranar ƙarewa, ka karanta ta a jikinsa.

In aka kawo faifai na hannu, kar ka taɓa sufana tukuna. Daidaita lambar jikinsa da ta takardar shaidar ingancinsa, Form 1 ko 8130-3, ka bi tarihin zagayensa tun daga masana'anta. In akwai giɓi a tarihin, ko na inji ɗaya da ya taɓa zama a ciki, a mayar wa dillali. Wancan da muka cire kuwa, ɗauko giranda ka tsaga shi, kar wani ya goge ya sayar.