Tambaya da Amsa: Kaktus ɗina yana tsirowa, amma ba ya rayuwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Sau biyu ke nan ina shuka irin kaktus ba na cin nasara. Karon farko na zuba shi a yashi zalla, na ajiye a rana, ina ba shi ruwa sau ɗaya a mako tunda an ce tsiron hamada ne. Kaɗan suka fito bayan kwana goma, sai suka yi jawur suka ƙanƙance. Karo na biyu na yi amfani da ƙasar lambu na rufe da leda. Sun fito da yawa, amma cikin mako biyu wani farin abu ya lulluɓe ƙasar, suka narke ɗaya bayan ɗaya. Ina kuskuren yake? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Abu na farko da zan gaya miki shi ne irinki lafiyarsa ƙalau, tunda ya tsiro har sau biyu. Matsalar tana wajen reno.

A karon farko kin ɗauki jariri kin yi masa hidimar babba. Babban kaktus yana jure fari ne saboda jikinsa ya zama randa, ya tara ruwa, fatarsa ta yi kauri. Ɗan da ya tsiro jiya bai kai ƙwayar dutsen ado ba, saiwarsa kamar zare, ba shi da inda zai ajiye ko ɗigo. Yini ɗaya na bushewa ya isa ya kashe shi. Ko a gidansa na asali haka abin yake. A hamadar Sonora, tsakanin Arizona ta Amurka da arewacin Meziko, ƙaton kaktus ɗin nan da ake kira saguwaro ba ya fara rayuwa a fili. Yakan tsiro ne a gindin wata bishiya da ke yi masa inuwa, kuma a shekaru 8 na farko da ƙyar yake kai inci ɗaya da rabi. Jan da kika ga naki sun yi kukan rana ne.

A karo na biyu kin yi daidai da kika rufe, sai dai kin rufe su tare da abokin gaba. Ƙasar lambu cike take da ƙwayoyin ruɓa irin su Pythium da Fusarium, kuma danshi da ɗumin da iri ke so su ma shi suke so. Suna kama tsiro daga wuya, daidai inda ya haɗu da ƙasa, sai ya yi ruwa-ruwa ya kwanta.

Ga yadda nake yi. Nakan haɗa rabi tsakuwa ƙanana ko yashi mai kauri da aka wanke, rabi kuma ƙasar shuka da na rairaye na cire duk wani kara da ganye. Ki guji yashi mai laushi, domin yana daskarewa ya hana saiwa iska. Sai in jiƙa haɗin in turara shi a kan wuta kamar rabin awa, in bar shi ya huce a rufe. Wannan matakin shi ne wanda mutane suka fi tsallakewa, kuma a ganina shi ne rabin aikin. Mazubin ya zama ƙarami, mai huji a ƙasa, a wanke shi tas. Ruwan ma wanda aka tafasa ya huce nake amfani da shi, kuma ba na zuba shi ta sama. Ina tsoma gindin mazubin a faranti mai ruwa har sai na ga saman ƙasar ya yi duhu, sannan in ɗaga ya tsane.

Irin kuwa a barbaɗa shi a sama kawai, a ɗan danna. Kada ki binne. Yawancin irin kaktus ƙanana ne ƙwarai kuma suna buƙatar haske kafin su farka. Daga nan ki sa mazubin cikin leda mai haske ki ɗaure bakinta, ki ajiye inda akwai haske sosai amma hasken rana ba ya sauka kai tsaye. Rana a kan rufaffiyar leda dafa su za ta yi. Zafin da ya fi dacewa shi ne tsakanin digiri 20 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyos, kuma in dare ya ɗan fi rana sanyi ba laifi ba ne.

Ban san wane iri ne a hannunki ba, kuma saurinsu ya bambanta. Astrophytum yakan fito cikin mako guda, wani lokaci ma kafin nan. Mammillaria da Gymnocalycium sukan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. Opuntia, mai faffaɗan jiki kamar tafin hannu, ɓawon irinsa tauri gare shi, yana iya yin watanni yana kwance, don haka kada ki yi saurin zubar da ƙasarsa.

Akwai abin da nake so ki duba da kyau, domin ya taɓa ruɗa ni. Ranar da na fara ganin nawa sun fito, kowanne ɗan dunƙule ne kore shar, wasu da baƙin ɓawon irin a kansu kamar hula, a gindin kowanne kuma ga wani farin gashi siriri. Na ɗauka funfuna ce, hankalina ya tashi, na buɗe ledar na bar su a iska, washegari na tarar da kusan rabi sun bushe. Ashe gashin saiwa ne, da shi suke kama ƙasa su sha ruwa. Bambancin shi ne gashin saiwa yana nan a gindin tsiro kaɗai, ita kuwa funfuna yaɗuwa take a saman ƙasa kamar yanar gizo-gizo, ta bi daga wannan tsiro zuwa wancan. In kin ga ta biyun, ki kwashe wurin da ya kamu da bakin cokali, har da tsiron da ya mutu, ki ɗan rage danshi.

Idan komai lafiya, ki bar ledar a rufe wata uku zuwa shida. Na san hannu zai yi ta ƙaiƙayi, amma duk buɗewa ƙofa ce ga funfuna da wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje da tsutsarsu ke cinye saiwa. Kallo ta jikin leda ya wadatar. In sun yi ja, a rage haske. In sun yi tsawo siriri sun kuma koɗe, a ƙara. Bayan 'yan makonni za ki ga ƙayar farko ta ɓullo a tsakiyar kai, mai laushi kamar gashin jariri.

Fitar da su ma a hankali ake yi. Ki fara huda ledar, bayan kwanaki ki buɗe bakinta, sai bayan mako biyu ko uku ki cire gaba ɗaya. Daga nan a riƙa barin saman ƙasa ya ɗan sha iska tsakanin ban ruwa, amma kada ya bushe ƙurmus a shekarar farko. Taki kuwa ɗan kaɗan, a tsarma shi sosai da ruwa. Ni ba na raba su sai sun shekara, ko sun fara gogar juna, domin na lura sun fi girma da kyau a cunkushe. Ranar dashe ki bar su kwana biyar zuwa bakwai a sabuwar ƙasa ba ruwa, saiwar da ta karye ta warke tukuna.

Ki sake gwadawa Malama, amma ki raba irin da ya rage miki gida biyu ko uku a mazubi daban-daban, don in ɗaya ya kamu sauran su tsira. In sun fitar da ƙaya, ki rubuto ki gaya mini kamanninsu, wataƙila mu gane ko wane iri ne.