Abin da lambar gigahaz ba ta gaya maka

Ɗana, tambayar da ka yi mini jiya muna rufe shago ta cancanci amsa a natse, shi ya sa na ce ka bari sai na rubuto maka. Cewa ka yi: "Maigida, ga tsohuwar kwamfutar tebur da aka kawo daga Ƙofar Ƙaura, Pentium 4 ce mai gigahaz 3.0. Ga kuma laftof ɗin ɗalibin nan, Core i5 zubi na shida mai gigahaz 2.3. Ai uku ya fi biyu. To me ya sa mai ƙaramar lamba ta tsere wa mai babbar, kuma ko zafin kirki ba ta yi?"

Gigahaz bugun agogo yake ƙirgawa, ba aikin da aka gama ba. In an ce 3.0, ana nufin agogon da ke cikin firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, yana bugawa sau biliyan uku a daƙiƙa guda. Amma yawan aikin da ake yi a kowane bugu, da yawan bugun da ke wucewa firosesa na zaune tana jiran a kawo mata abin yi, wannan lambar ba ta san da su ba. Kafin ka gane wannan sosai sai mun koma baya, don bod ɗin da kake kwancewa kullum, wato allon da sassan kwamfuta ke kai, a kan tsarin da aka zana tun 1945 yake.

A watan Fabrairun 1946 aka nuna wa duniya ENIAC a Jami'ar Pennsylvania da ke Amurka. Nauyinta ya kai kusan tan 30, tana da kwalaben lantarki kusan 18,000 irin na cikin tsofaffin rediyoyi, tana shan wuta wajen kilowat 150. Tana iya yin lissafin tarawa 5,000 a daƙiƙa, wanda a lokacin abin al'ajabi ne. Matsalarta ita ce in ana so ta yi wani sabon aiki, sai an zazzare wayoyi an sake sossoka su, an jujjuya makunnai, abin da kan ɗauki kwanaki. Mata shida ne suka fara yin wannan aiki, kuma su ne suka san cikin injin fiye da kusan kowa. Wato a ENIAC, manhaja wayoyi ce da ake kamawa da hannu.

Tun kafin a nuna ta, a watan Yunin 1945, wani masanin lissafi mai suna John von Neumann ya rubuta rahoto a kan injin da za a gina bayanta, EDVAC. Tunanin ba nasa ba ne shi kaɗai, akwai hannun Eckert da Mauchly da suka ƙera ENIAC, amma sunansa ne ya bi tsarin. Abin da rahoton ya kawo shi ne a daina jona umarni da waya, a mayar da umarnin kansa lambobi, a ajiye shi a ma'ajiya ɗaya da bayanan da za a yi aiki a kansu. Firosesa ta ɗauko umarni, ta fassara shi, ta aiwatar, ta ɗauko na gaba. A ranar 21 ga Yunin 1948 wani ƙaramin inji a Jami'ar Manchesta ta Ingila ya gudanar da manhajar da ke ajiye a cikinsa. Daga ranar zuwa yau, ko wayar da ke aljihunka abin da take yi ke nan. Duk sanda ka ɗora wa mutum Windows ba tare da ka taɓa waya ko ɗaya a bod ba, albarkar wannan tunani kake ci.

Buɗe kowace laftof ka duba, za ka tarar da sassan nan: mai lissafi da mai ba da umarni, su ne suka haɗu a firosesa, ma'ajiyar aiki, ita ce RAM, hanyoyin shiga da fita, wato kibod, sikirin, had-dis, USB, sai layukan tagulla da suka haɗa su. Har Charles Babbage na Ingila, wanda ya zana injin lissafi na ƙarafa a 1837 bai kuma samu ya gama ƙera shi ba, ya raba wurin lissafi daban da wurin ajiya daban.

Ɗauki shagonmu ka auna. Kai ne firosesa, benci shi ne RAM, siton baya shi ne had-dis, aljihun rigarka da kake sa sukuddireba kuwa ita ce ƙaramar ma'ajiyar cikin firosesa da ake kira kesh. Komai saurin hannunka, in kowane sukuru sai ka tashi ka je sito, yaron da bai kai ka sauri ba amma kayansa na aljihu zai riga ka gamawa. Ga yadda lissafin yake a zahiri. Abin da ke cikin kesh na kusa, firosesa na samunsa cikin bugu huɗu ko biyar. Abin da ke RAM, sai ta jira bugu ɗari biyu zuwa ɗari uku. Abin da ke had-dis mai juyawa kuwa, kafin allurar ta kai wurin faifan ya juyo, ana ɗaukar wajen kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Kar ka raina wannan: ga firosesa mai gigahaz 3, bugu miliyan 30 ke nan suka tafi a banza. Tun 1977 John Backus na kamfanin IBM ya yi ƙorafi a kan wannan matsattsiyar hanya da ke tsakanin firosesa da ma'ajiya, kuma har gobe ita masu ƙira ke fama da ita.

Shi ya sa nake jin ciwo in na ga an ce wa mutum ya sayar da laftof ɗinsa ya ƙara kuɗi ya sayi Core i7, alhali had-dis ne ke riƙe da shi. Malamin makaranta ne, ko mai shagon buga takardu, ya tara kuɗinsa da ƙyar. Cire masa had-dis, sa masa SSD wadda ba ta da faifai ba ta da allura, in RAM ɗin gigabait 4 ce ka kai ta 8, ka ba shi abinsa. Zai ɗauka sabuwa ka saya masa. Kafin ka ba kowa shawara, buɗe Task Manager, manhajar Windows mai nuna nauyin da ke kan kowane sashe, ka ga wane sashe ne ya cika ɗari bisa ɗari yayin da sauran ke hutawa. Nan ciwon yake.

Yanzu ga yadda aka zo kan tseren gigahaz. A Disambar 1947 aka ƙirƙiro transisto, ɗan makunnin lantarki, a cibiyar binciken Bell Labs ta Amurka, ya maye gurbin kwalaben nan masu zafi da yawan ƙonewa. A 1958 Jack Kilby, sannan Robert Noyce a 1959, suka gano yadda za a haɗa transistoci da yawa a kan ƙwaya ɗaya. A 1965 Gordon Moore ya lura cewa yawansu a ƙwaya na ninkawa a kai a kai, daga baya aka tsayar da kusan duk shekara biyu. A 1971 Intel ta fitar da 4004, firosesa sukutum a ƙwaya ɗaya mai transisto 2,300, wadda asali don kalkuletar wani kamfanin Japan aka yi ta. Ƙanƙancewar transisto ta ba da damar ƙara saurin agogo shekara bayan shekara, har masu talla suka mayar da lambar abin ado, jama'a kuma suka saba da saye da ita.

Pentium 4 ɗin da ke gabanka 'yar wannan zamani ce. Don agogonta ya yi gudu, sai aka daddatsa kowane umarni zuwa ƙananan matakai masu yawa, har 31 a samfurin 2004, umarnai suna bin juna a layi. Kowane bugu ɗan guntun aiki yake yi. Ga kuma wata: firosesa kan yi hasashen inda manhaja za ta nufa ta fara aiki tun kafin ta tabbatar. In hasashen ya kuskure, duk abin da ke cikin dogon layin nan sai a zubar a sake. Sannan zafi ya tare hanya. Irin taka tana fitar da zafi sama da wat 80, kuma a 2004 Intel ta soke samfurin gigahaz 4 da ta yi alkawari, aka tsaya a 3.8. Mafita ta fito daga wani wuri: injiniyoyin kamfanin da ke Haifa sun ƙera Pentium M don laftof a 2003, mai gajeren layi, mai yin aiki da yawa a kowane bugu. Daga ita aka gina jerin Core a 2006. Kuma tun 2005 Intel da AMD suka koma sa kawuna biyu, wato masu lissafi biyu da kowanne ke aikinsa, a firosesa ɗaya maimakon matsa wa kai ɗaya.

To ka ga amsarka. Core i5 ɗin ɗalibin nan kawuna biyu gare ta, kowane kai na gama umarni fiye da ninki biyu na Pentium 4 a bugu ɗaya, kesh ɗinta ya fi girma, kuma mai kula da RAM yana cikinta, ba sai an bi ta wata ƙwaya a bod ba. Duk wannan da wat 15 kacal. Gigahaz yana da amfani ne kawai in kana gwada firosesa biyu 'yan gida ɗaya, zubi ɗaya.

Maganar zafi ta fi shafarmu a Katsina fiye da waɗanda suka ƙera injinan. Firosesar zamani in ta doshi digiri 100 da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Ƙurar hunturu ta toshe fanka, bazara ta shigo da zafin da ke haura digiri 40, man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya ya bushe ya zama kamar ƙasa, sai mai ita ya zo yana cewa bairos ya kama ta. Kar ka yi gaggawar fomatin. Buɗe, share fanka, goge tsohon man, sa sabo ɗan kaɗan, sannan ka gwada.

Akwai wani ɓangaren tsarin da ido ba ya gani, shi ne jerin umarnin da firosesa ke ganewa. IBM ce ta fara ɗaukar wannan da muhimmanci a 1964 da System/360: injina manya da ƙanana, farashi daban-daban, amma duk manhaja ɗaya suke ci. Intel ta fitar da 8086 a 1978, IBM ta sa ƙanwarta 8088 a kwamfutarta ta 1981, daga nan jerin umarnin da ake kira x86 ya kafu, har yau Core i5 na gane shi. A 1985 aka faɗaɗa shi zuwa bit 32, wato tsawon lambar da firosesa ke ɗauka a lokaci guda, da firosesar 386, a 2003 kuma AMD ta kai shi bit 64. Wannan ya shafi aljihun kwastoma kai tsaye. Bit 32 adireshi kusan biliyan 4.3 kawai yake iya ƙirgawa, wato gigabait 4, kuma wani ɓangare na tafiya ga sauran na'urorin bod. In ka sa wa mutum RAM 8 a kan Windows mai bit 32, uku da ɗoriya zai gani, ya dawo yana zarginka. Duba bit ɗin tukuna. Haka nan ka duba irin RAM ɗin: DDR3 bolt 1.5 take so, DDR3L 1.35, DDR4 kuwa 1.2 kuma tsagarta ba a wuri ɗaya take ba. In ta ƙi shiga, kada ka danna da ƙarfi.

Ba x86 kaɗai ke duniya ba. A 1985, a wani ƙaramin kamfani mai suna Acorn a Kambirij ta Ingila, Sophie Wilson da Steve Furber suka ƙera ARM: umarnai kaɗan masu sauƙi, transisto wajen 25,000, shan wuta kaɗan ƙwarai. Wannan ƙarancin shan wuta ya sa kusan duk wayar da ake sayarwa a kasuwar nan ARM ce a cikinta, kuma bambancin jerin umarninta da na x86 na cikin abin da ya sa manhajar Windows ba ta hawa wayar Android kai tsaye. A Nuwamban 2020 Apple ta sa irin wannan a laftof ɗinta da M1 mai transisto biliyan 16, ta kuma manne RAM a jikin firosesa don hanyar da ke tsakaninsu ta gajarta. Sauri ya ƙaru, batir ya daɗe, amma ba ramin da za ka zare RAM ka sa wata. Sauran kamfanoni ma da yawa sun koma liƙe ta a bod, kuma irinsu sun fara shigowa cikin Landan-yus da ake kawowa daga Kano da Legas.

Wannan ne ya sa nake matsa maka a kan mitar auna wuta da karanta zanen bod. Sana'ar cire wannan sa wancan tana raguwa. Wanda zai ci abinci nan gaba shi ne mai iya bin layin wuta daga bakin caja har ya gano ƙwayar da ta mutu. Gobe in Allah ya kai mu ka zo da wuri, ka ɗauko matattun bod ɗin nan da ke ƙarƙashin benci. Za mu fara da auna bolt 19 a bakin caja, mu bi shi har inda yake sauka zuwa 5 da 3.3.