Amsa ga ƙanena mai son karatun kifin teku a Cape Town

Ƙanena Habibu, bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonka ya iso ni. Ka ce ka kammala digirin farko a fannin kiwon kifi, ka sami gurbin digiri na biyu a nan Cape Town, kuma malamin da zai duba aikinka ya ba ka zaɓi tsakanin batutuwa biyu, wato ƙidayar ƙananan kifayen teku na sadin da ancobi, ko kuwa binciken gansakuka mai guba. Ka ƙara da cewa kai ɗan Yawuri ne, ruwan da ka sani bai wuce kogin Kwara da tafkin Kainji ba, kuma Baba yana tambaya ko me kifin teku zai tsinana maka.

Abin da nake so ka fara fahimta shi ne, batutuwan nan biyu a takarda kawai suka rabu, amma a cikin ruwa abu ɗaya ne. A gaɓar yammacin Afirka ta Kudu da Namibiya, inda igiyar ruwa mai sanyi ta Benguela take bi, iskar kudu maso gabas tana kaɗawa da ƙarfi a watannin zafi, sai ta kore ruwan sama daga gaɓa, ruwan ƙasa mai sanyi ya taso ya maye gurbinsa ɗauke da sinadaran da suke wa teku abin da taki yake wa gona. Cikin 'yan kwanaki ruwan zai cika da filanktan na tsiro, waɗanda ido ba ya gani ɗaya-ɗaya, daga nan ƙananan dabbobi masu cin su su yawaita, sannan kifi ya biyo baya. Sadin yakan buɗe baki yana iyo yana tace ruwa, don haka yana haɗiye har da mafi ƙanƙanta, shi kuwa ancobi ya fi son ya tsinci manya-manyan cikinsu yana cafkewa. Wannan ɗan bambanci na cin abinci yana daga cikin dalilan da ake ganin suna sa ɗaya ya yawaita a shekarun da ɗayan ya ja baya. Manyan kifaye da tsuntsayen teku duk a kan waɗannan biyu suke rayuwa, shi ya sa tsuntsun fengwin na Afirka, wanda aka sanya cikin masu fuskantar mafi tsananin barazanar ƙarewa a 2024, ƙarancin sadin da ancobi yana cikin manyan matsalolinsa.

Namibiya ta ɗanɗana kuɗarta a kan wannan. A 1968 an kama sadin fiye da tan miliyan ɗaya a ruwanta, bayan 'yan shekaru kifin ya durƙushe, kuma har yau bai koma yadda yake ba, har ta kai ga gwamnati ta dakatar da kama shi a 2018. Da mai tace ruwa ya tafi, wasu halittu marasa amfani ga masunta suka cike gurbinsa.

Yanzu ga inda gansakuka take shigowa. Idan iska ta lafa bayan ruwa ya ƙoshi da taki, rana ta ɗumama samansa, wasu nau'o'in filanktan sukan taru kusa da gaɓa har ruwa ya koma ja ko ruwan ƙasa, wannan ita ce gansakukar da ake nufi. Ɓarnarsu iri biyu ce. Ta farko, idan suka mutu suka ruɓe, sai su cinye iskar oksijin da ke cikin ruwa, kamar yadda ya faru a Elands Bay, wani gari a gaɓar yammacin Afirka ta Kudu, a 1997, lokacin da manyan jatan lande na duwatsu kimanin tan 2,000 suka fito tudu suna gudun shaƙewa suka mutu a kan yashi. Na taɓa tsayawa a wannan gaɓa a wani karo da abin bai kai haka ba, kuma abin da ya tsaya mini a rai ya wuce warin da ya cika garin: fuskokin masunta ne, suna kallon abincin shekara yana ruɓewa a gabansu.

Ta biyu ita ce guba, kuma ita ce ta fi shafar tambayarka. Akwai wani filanktan mai suna Pseudo-nitzschia da yake fitar da guba mai taɓa ƙwaƙwalwa. An gano haɗarinsa ne a 1987 a gabashin Kanada, bayan mutane fiye da 100 sun kwanta, uku suka rasu, saboda cin kumbar teku, wasu da suka rayu kuma suka rasa iya tuna abin da ya faru yanzu-yanzu. A 1991, a Monterey ta jihar Kalifoniya, kwasakwasa da wasu tsuntsaye suka riƙa mutuwa, da aka bincika sai aka tarar ancobi suka ci, cikinsa maƙare da wannan filanktan. A 1998 abin ya sake aukuwa ga zakunan teku, fiye da 400 suka mutu. Ƙaramin kifi ke nan ya zama ɗan aike tsakanin abin da ido ba ya gani da manyan dabbobi. Gubar ta fi taruwa a hanji, dafuwa kuma ba ta kawar da ita, alhali ka san yadda talaka yake cin ƙaramin kifi, da kansa da kayan cikinsa.

Shawarata ita ce ka ɗauki batun gansakuka, amma ka roƙi malaminka ya bar ka ka haɗa shi da abin da ke cikin hanjin sadin da ancobi. Ƙidayar kifi aiki ne mai daraja, tun 1984 ake fita da jirgi kowace shekara ana auna yawansu da na'urar amsa-kuwwa, sai dai masu wannan aiki suna da yawa. Wanda zai zauna gaban madubin ƙara girma ya bambance nau'i daga nau'i, ya kuma auna guba a ɗakin gwaji, shi ne ake nema. Wannan hannu kuwa zai bi ka gida, domin madatsun ruwa ma suna da tasu gansakuka kore-shuɗi wadda wasu nau'o'inta suke fitar da guba mai lalata hanta, kuma ruwan sha ne abin ya shafa.

Kada rashin sanin teku ya karya maka gwiwa, domin jiri da amai na kwanakin farko a jirgi kan wuce ga yawancin mutane. Abin da na ga yana kayar da ɗalibai shi ne lissafi. Ka zauna da ilimin ƙididdiga tun yanzu, ka koyi manhajar ƙididdiga mai suna R, ka kuma koyi iyo idan ba ka iya sosai ba. Kada ka taso sai kana riƙe da takardar tallafin karatu da ta fayyace kuɗin makaranta da na haya da inshorar lafiya, wadda bizar ɗalibi take buƙata, domin haya a birnin nan tana da tsada ƙwarai.

Shi kuwa Baba, ka gaishe mini da shi da kyau, ka nuna masa kifin ƙanƙara da ake sayarwa a kasuwa, ka gaya masa cewa da yawansa daga irin wannan ruwa mai tasowa yake zuwa, na gaɓar Muritaniya da Maroko, kuma farashinsa yana bin abin da ya faru a can. Kafin ka amsa wa malamin, ka je bakin ruwa ka sayi ƙananan kifin nan na Kainji ɗanye, ka buɗe cikin guda ashirin, ka nemi izinin tsohon sashenku ka duba su a madubi, ka zana abin da ka gani ka aiko mini.