Wane takalmin roba ya dace da farautar barewa a jihar Wisconsin ta Amurka?

Ɗan'uwa, ka ce abokan aikinka za su tafi da kai farautar barewa a watan Nuwamba, lokacin sanyi, kana tambayar wane takalmin roba za ka saya. Na ji daɗin da ka fara da ƙafa, don ita ce ke fara korar mutum daga daji.

Maharban nan suna son roba saboda ruwan fadama ba ya ratsa ta, kuma ba ta riƙe warin mutum kamar fata. Barewa kuwa da hanci take tsaron kanta.

Ka fara sanin irin farautar. In zama za ku yi a kan bishiya tun asuba, ka nemi mai rufin ɗumi na Thinsulate giram 1200 zuwa 1600 (giram ɗin nan awon kaurin rufin ne). In yawo za ku yi, giram 800 ya isa, domin roba ba ta fitar da gumi. Shekarar da na fara, safar auduga na sa, ta jiƙe sharkaf, kafin hantsi ban jin yatsuna ko kaɗan. Safar ulu za ka sa, ka jefa wata a jaka.

Ka je shago da safar, ka gwada da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. Yatsu su samu wurin motsi, amma diddige ya zauna daram, in ba haka ba laka za ta zare maka takalmin. Takalma samfurin LaCrosse da Muck Boot duk suna da kyau. Ni LaCrosse ya fi kama min idon sawu.

In ka dawo, ka shanya shi nesa da wuta, zafi yana tsattsaga roba.