Sarƙar rataye tabarau

'Yar'uwa, kin tambayi yadda za ki haɗa wa Mama sarƙar tabarau, tunda kullum sai an yi cigiyar nata. Ba wuya.

Tsawon santimita 65 zuwa 70 ya isa, amma ki gwada da zare a wuyanta tukuna. Ki zaɓi ƙananan duwatsun ado marasa nauyi. Manya na gilashi suna ɗaukar ido, amma kafin la'asar wuya ya gaji. Zaren kamun kifi za ki sa. Na taɓa yi da na ɗinki, ya tsinke, duwatsun suka watse a tsakar gida, kaji suka hau tsattsaga.

Aikin yana bakin sarƙar guda biyu, inda za ta kama tabarau. Akwai 'yar roba mai siffar lamba 8, da ƙaramin zobe a tsakiyarta, ki nema wajen masu kayan ɗinkin duwatsu. Ki zura zaren ta ido ɗaya, ki ƙulla sau uku, ki mayar da jelar cikin duwatsu huɗu, ki ɗiga gam kaɗan. Ɗaya idon ke shiga ƙafar tabarau, sai ki tura zoben ya matse.

In tana sa hijabi, ki guji ƙarfe mai kaifi, yana jan yadi.